Abin da Ya Ci Ƙasan Fijon Baba

Baiwar Allahn da ta rubuto min cewa wai na yi dace, na samu saurayin da yake gyara wa mahaifina mota don Allah, 'yar uwa zo ki karɓi dacen, na bar miki. Abin da ya faru a gidanmu jiya Alhamis ko aminiyata ban gaya wa ba. Ku zan fara gaya wa, don ba ku san ƙofar gidanmu ba, sunayen da nake ba ku ma ba namu ba ne.

Ga waɗanda yau suka shigo: ku kira ni Badi'a, auta a gidan Alhaji Maikuɗi Direba a nan Gwarzo. Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan sitiyari, abin da ya tsira da shi kuwa wata tsohuwar Fijo 404 ce ruwan toka. Saboda ita ya fasa katangar gidanmu ya sa ƙyauren langa-langa, ya faka ta a gindin darbejiya, ya lulluɓe da tamfol. Daga baya hawan jinin ido ya tafi da ganinsa. Mota ta zauna, tayoyi suka sace, tsatsa ta bi gefen ƙofofi, 'yan gwangwan suka yi ta sallama yana rako su da sanda.

Sai ga Najmuddeen. Ɗan gidan malamai ne a Kabo, yana koyarwa a Islamiyyar mahaifinsa, amma rabin zuciyarsa tana cikin inji, don ya daɗe a gareji a Kano kafin Malam ya kira shi gida. Ranar da ya fara zuwa gaida Baba, ya durƙusa cikin farar shadda sai ƙamshi yake, Baba ya kama hannunsa ya shafa tafin ya ji kanta.

"Wannan ba alli kaɗai ya riƙe ba," in ji Baba. "Kana taɓa mota?"

"Ina ɗan taɓawa, Baba."

"To ga ta can. Ita ta ɗauko uwar yarinyar nan daga Kabo tana amarya, ita za ta mayar da 'yarta Kabo. Ranar da ta tashi ka turo manyanka."

Tun daga ranar, duk Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya, da hantsi za ka ji babur ɗinsa a ƙofar gida. Jan akwatinsa na ƙarfe, wanda sifanoninsa suke ciki, a zaurenmu yake kwana ƙarƙashin bencin Baba. Baba yakan miƙa ƙafa ya taɓa shi ya ce, "Surukina yana nan." Zancenmu kuwa ba irin na mutane ba ne. Wasu ana kai musu turare da cakulan, ni samfefar goge tsatsa aka kawo min. Ina goge tsatsar ƙofa, shi kansa yana cikin bonet, kalaman soyayyar rabinsu "miƙo min sifana sha uku" ne. Farcena ya lalace, lallena ya goge, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin rayuwa kamar watannin nan ba.

Gwaggo Hanatu, ƙanwar Baba, ita ce abin bai yi wa daɗi ba. Duk zuwanta sai ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce yarinya ta gama kwaleji, sa'o'inta suna goyo, ita tana zaune tana jiran ƙarfe ya yi tari. Ya kuwa yi. Bayan an wanke kabreta, an canja fulogi, an kai lagireto walda, makon jiya inji ya yi tari ya mutu. Najmu ya yi wa Baba alkawari: Alhamis bayan la'asar za ta tashi, Baba zai shiga da ƙafarsa.

Jiya da safe maƙwabcinmu ya ɗauki Baba zuwa ta'aziyya Getso. Na sa atamfata mai ruwan ganye, na ɗora ƙaramin hijabi ruwan madara, har da kwalli na ja, wai ni yau ranar farin ciki. Inna tana kicin tana jefa ɗanwake. Najmu ya ɗora rigar aikinsa a kan jallabiya, ya ce bari ya cire kujerar baya ya share ciki kafin Baba ya dawo.

Ina goge fitilar gaba na ji ya kira ni.

"Badi'a, zo ki gani."

Ba da wannan muryar yake kirana ba. Na zagaya. Ya fitar da kujerar ya jingina da bishiya, ya yaye ledar da aka shimfiɗa a ƙasan motar. Ƙarfen ya koma ja, ya tashi ɓawo-ɓawo, da wani fari-fari kamar gishiri a gefe. Ya ɗora sukudireba ya ɗan danna. Ta shige kamar cikin dafaffiyar kabewa. Ta hujin na hango ƙasar gidanmu da tururuwa suna wucewa.

"Ruwa ne ko?" na ce.

"Tsatsar ruwa daga waje take ci. Wannan daga ciki ta ci." Ya tsinto wani zaren buhu da ya manne a kusurwa ya nuna min. "Takin zamani ne. An jibge buhuna a nan, sun jiƙe, sun daɗe. Ya cinye daɓen, ya gangara ya kama ƙarfen da yake riƙe da motar. Wa ya yi wa Baba wannan aikin?"

A bayanmu kwano ya faɗi. Inna ce, ɗanwake ya watse a ƙasa, man gyaɗa yana bin zaninta. Ba ta ko duba ba, ta juya ta shige ɗaki.

Bari in tsaya in gaya muku abin da Najmu bai sani ba, don in ba haka ba za ku ce uwata ta cika tsoro. Baba mutumin kirki ne amma bakinsa yana riga hankalinsa. Kafin a haife ni ya saki Inna sau ɗaya, ina goye ya ƙara, duka a kan abin da bai kai ya kawo ba, duka kuma shi ya bi ta Kabo yana ba da haƙuri. Igiya ɗaya ta rage musu. Ina 'yar firamare, idonsa da sauran gani, wata rana ya tarar Inna ta ajiye galan ɗin man gyaɗa a motar ya tsiyaye a kujera. A gabana, a gaban Gwaggo Hanatu, ya ce, "Furera, in kika ƙara sa ko allura a motar nan, a bakin aurenki."

A bakin aurenki. Duk 'yar da ta tashi a gidan Bahaushe ta san nauyin maganar nan. In ta uku ta tsinke babu biko, babu kome.

Na tarar da Inna a bakin gado, ɗankwalinta ya zame, furfurarta a waje, tana murza yatsunta.

"Shekarar da rufin sito ya yi yoyo ne," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Yayanki ya aiko da takin gonar Getso, hadari ya haɗo, babu inda zan sa. Idon Alhaji ya riga ya rufe. Na ce kwana biyu ne in kwashe. Ruwa ya ƙi ɗaukewa, ashe gilashin baya ma yana yoyo. Da na kwashe na wanke da omo, na shanya, na mayar da leda. Na ɗauka ya wuce, Auta."

"Inna, ki daina kuka."

"Ina zan je da furfurar nan? Ni ba ta kaina nake ba. Wa zai ɗiga masa magani a ido? Ko kokonsa in ba ni na dama ba ba ya sha."

Na goge mata fuska da gefen hijabina na ce babu wanda zai ji. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, don a lokacin ina ganin ai saurayina ne, abin da na ce shi zai yi.

Na fito na same shi tsugune yana leƙa ƙarƙashin motar da fitilar waya.

"Ka liƙe da bodi fila, ƙullin nan da kuke cike ramin mota da shi," na ce. "Ka shafa baƙin fenti, ka mayar da leda da kujera. Baba ba gani yake ba."

Ya ɗago ya dube ni. "In ɗora ki ke da gwaggonninki a kan fila, a hau titin Kabo? Ramin farko za ki ji kwalta a ƙafarki."

"To ka gyara a ɓoye."

"Sai an ɗaga bodin, an yanko sabon ƙarfe, an kawo mai walda da janareta tsakar gidan nan. Idon Baba ne ya tafi, kunnensa yana nan."

"Ka ce masa ruwa ne ya ci."

"Ba ruwa ba ne, Badi'a. Me ya sa kika tsorata haka? Taki ne fa kawai, faɗa zai yi ya huce."

Masu karatu, nan na yi wautar da har yanzu nake cizon yatsa. Na gaya masa. Komai. Galan ɗin mai, furucin Baba, igiyar da ta rage. Na manta ba da makanike kaɗai nake magana ba, da ɗan Malam nake, wanda ya tashi yana jin ana kawo wa mahaifinsa irin wannan matsalar a zaure.

Ya zauna a kan tsohuwar taya, ya cire hularsa ya riƙe. Ya daɗe yana salati a hankali.

"Da ba ki gaya min ba," ya ce.

"Na gaya maka don ka taimake ni."

"Ni ba mai fatawa ba ne. Amma irin wannan furucin ba a rufe shi da fenti. Sai an zauna da malamai, a ji lafazin da ya yi, a ji abin da ya nufa. Wataƙila akwai mafita, ban sani ba."

"Malaman su ne mahaifinka. Ka ɗauki sirrin uwata ka kai zauren surukaina?"

"Ba zan kai ko'ina ba. Ba hurumina ba ne." Ya mayar da hularsa. "Amma in Baba ya tambaye ni me ya ci motarsa, ba zan yi masa ƙarya ba."

Kun san abin haushin? Wannan halin nasa shi na fara so. Shi nake yi wa ƙawayena alfahari da shi, cewa Najmu ko da wasa ba ya cewa yana hanya alhali yana gida. Jiya na tsani halin nan kamar in shaƙe shi.

Aka kira azahar ya tafi masallaci, bai dawo cin abinci ba. Na shige ɗaki na rufe ƙofa na ɗauki waya.

Na rubuta: *Ka ce batir ya mutu ka tafi gida. Mu samu mako ɗaya mu yi tunani.*

Ya amsa: *Batir bai mutu ba.*

*Ashe gaskiyarka ta fi ni a wurinka.*

Alamar ta yi shuɗi. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Na zauna ina kallon ɗigon nan uku kamar su za su yanke min hukunci.

*Ina sonki, Allah ne shaida. Shi ya sa ba na so in shigo gidanku ta ƙofar ƙarya.*

*Uwata ce, Najmu.*

*Na sani. Ni ma uwata ce.*

Na kife wayar a kan filo. Ban san lokacin da kwallin ya gangaro har haɓata ba.

Bayan la'asar Baba ya dawo, kuma bai dawo shi kaɗai ba. Gwaggo Hanatu ta ji labarin yau mota za ta tashi, ta biyo shi da gyalenta mai duwatsu, wai ta zo ganin ikon Allah. Baba ya sa aka ɗauko masa shuɗiyar babbar rigarsa ta Juma'a, ya fesa turare. Ban taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba tun da idonsa ya rufe. Inna tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ba abin da take motsawa.

Najmu ya shigo ya durƙusa ya gaishe su, bai kalli inda nake ba. Baba ya zaro mukulli daga aljihun gaba, yana ɗaure da wani tsohon zaren fata, ya miƙa masa.

"Bismillah, ɗan malam."

Najmu ya shiga, ya taka, ya murɗa. Ta yi tari. Ya sake murɗawa. Salansa ta yi aman baƙin hayaƙi, kaji suka watse, sai inji ya kama, ya daidaita, yana wani gurnani mai taushi da ban taɓa ji ba a rayuwata. Baba ya ɗora tafinsa a kan bodin.

"Ita ce," ya ce. "Furera, kin ji ta? Muryarta ce."

Ina ta addu'a a zuciya ya zagaya wurin direba. Sai ya bi jikin motar da hannu ya tsaya a ƙofar baya.

"Nan zan fara zama. Inda uwarta ta zauna, inda ita ma za ta zauna."

Ya buɗe ƙofar. Ya lalubi kujera bai ji ta ba. Ya miƙa sandarsa ciki don ya ji inda zai sa ƙafa, ya dogara a kanta, sanda ta fasa ƙarfen ta wuce har ta daki ƙasa. Baba ya tafi zai kifa, Najmu ya diro ya tare shi.

"Kashe ta," in ji Baba.

Najmu ya kashe ta. Baba ya durƙusa da babbar rigarsa a cikin ƙasa, ya sa hannu ya shafa daɓen motar. Ɓawon tsatsa yana ruguzowa a yatsunsa. Ya murza, ya kai hanci.

"Me ya ci ta?"

Na kafe Najmu da ido, duk roƙon da na iya na zuba a cikin kallon nan.

"Ɗan malam, da kai nake."

"Baba, ba ruwa ba ne."

"Na san ba ruwa ba ne. Mene ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Takin zamani ne, Baba."

"Taki?" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Wa ya sa taki a motar Yaya? Ba a gabana ka ce ko allura..." Ta juya ta dubi Inna, ta rufe baki da gyale.

Inna ta ajiye ludayi a kan turmi. Ta gyara ɗankwali, ta tako a hankali har gaban Baba, ta durƙusa. Na san abin da za ta yi.

"Alhaji," ta ce.

"Furera, tashi ki ɗora min shayi."

"Alhaji, ni ce..."

"Ni na ce a sa." Bai ɗaga murya ba. "Shekarar da sito ya yi yoyo, ni na ce mata ta zuba a ciki kada ruwa ya cinye. Tsufa ne ya sa na manta."

"Haba Yaya," in ji Gwaggo, "kai da ko ƙuda ba ka bari ya sauka a kanta?"

"Motata ce, Hanatu. Matata ce. Akwai sauran magana?"

Gwaggo ta ja bakinta ta bi Inna kicin tana ƙunƙuni. Muka rage mu uku. Najmu ya kama Baba ya miƙar da shi, Baba bai saki hannunsa ba. Ya jawo shi kusa, ya yi ƙasa da murya.

"Ko an gaya maka wani abu daban, ɗan malam?"

Sai a lokacin Najmu ya dube ni. Idonsa ya yi ja. Na ga mutumin da ba ya iya ƙarya an sa shi a gaba ya zama shaidar wadda aka yi don ceton uwata, kuma ni na ɗora masa wannan kayan da bakina.

"Baba," ya ce, "ka yafe min wannan tambayar."

Baba ya saki hannunsa. "Na yafe."

Najmu ya tsugunna ya tattara kayansa. Ya goge sifanonin ɗaya bayan ɗaya da tsumma, ya jera su, ya rufe akwatin ya sa kwaɗo. Ya yi wa Baba sallama, ya leƙa kicin ya ce wa Inna sai an jima. Na bi shi na laɓe a bayan labulen zaure ina jiran in ga ya tura akwatin ƙarƙashin benci kamar kullum. Ya tsaya a gaban bencin. Sai ya wuce da shi waje, ya ɗaure a bayan babur da roba.

Da na dawo na tarar da Baba ya lallaɓa ya zauna a kujerar direba, hannuwansa biyu a kan sitiyari.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Tun a daminar na ji warinsa. Ido na rasa, ba hanci ba. Na ce in ban tambaya ba, ba a gaya min ba, sai na yi shiru." Ya shafa sitiyarin da babban yatsa. "Na zaci shekaru sun wanke. Da na sani da na bar ta a lulluɓe. Kwaɗayin in ji kin tafi a cikinta ne ya ja ni."

Na jingina da ƙofar da na yi watanni ina gogewa, ina kuka marar sauti don kada Gwaggo ta ji.

"Ya ɗauki akwatinsa?"

"Ya ɗauka, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙa hannu gefen sitiyari yana lalube, ya sake lalubawa.

"Mukullin ma ba ya nan."

Ban sani ba ko Najmu ya tafi da shi ne don zai dawo, ko don kada wani ya tayar da motar da ba za ta iya ɗaukar kowa ba. Na tura masa saƙo na tambaye shi. Saƙon yana nan bai yi shuɗi ba.

Yau Juma'a, ranar zuwansa ce. An sauko daga masallaci tun ɗazu. Inna ta sake jefa ɗanwake ta rufe a kwanon da take zuba masa. Duk babur ɗin da ya shigo layinmu sai in kasa kunne har ya wuce. Baba yana zaure a kan bencinsa bai cire babbar riga ba, jefi-jefi yana miƙa ƙafa ƙarƙashi yana taɓa inda akwatin yake zama.